Kanta a Kafaɗa

Ka ce in faɗi sunana don na'urarka ta ji.
Jebbeh Kallon. Bandar kifi nake yi a bakin tekun nan
tun kafin a haifi wanda ya ɗinka maka kwat.

Na farko daga daji suka ɓullo,
yara ne, idanu kamar garwashi,
wani da rigar mata, wani da agogo uku a hannu ɗaya.
Suka durƙusar da Vandi tela a gindin mangwaro,
suka ce ya nuna hannun da yake riƙe almakashi.
Ya nuna.
Har yau kekensa na nan, kaji ke kwana a kai.

Daren nan cikin laka muka kwana, ruwa iya wuya,
tafina a kan bakin Musu kada ta yi tari.
Na roƙi Allah ya turo ko su wane ne,
in dai bindigarsu ta fi tsawo.
Ban gindaya sharaɗi ba.
Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.

Suka zo ta jirgin ruwa, da tuta a hannun riga,
da harshen da ba mu ji, da takalma masu nauyi.
Na yi rawa, ba zan ɓoye maka ba.
Kwakwa goma sha ɗaya na fasa musu.
Wani ya ɗora Musu a wuya, ya ba ta biskit,
ya nuna mini hoton 'yarsa mai giɓi.

Kwana tara.

A kan gada suka ja igiya, suka ce maza su tuɓe riga,
wai maɗaurin bindiga ba ya barin kafaɗa ba shaida.
Lahai nawa shekararsa goma sha bakwai,
tun yana da tara yake jan koma da asuba,
igiya ta ci kafaɗarsa ta dama
ta bar kanta baƙa mai faɗin yatsu biyu.
Sojan ya dangwale ta, ya dubi na bayansa.
Na ce koma ce! Da harshenmu, da na kasuwa,
na sunkuya na ja iska don su gane.
Babu tafinta. Ranar an aike shi sayen taba.

Su bakwai aka jera a jikin ƙarfen gada.
Ruwa na janyewa a lokacin.
Teku ya karɓa, bai ba da rasit ba.
Silifas ɗaya na tsinta, na hagu, wanda ya ɗaure da waya.

Yanzu kai, da biro, da ruwan gora,
kana tambaya ta: da zuwansu da rashinsa, wanne ya fi?

Musu na da hannu biyu.
Da su take rubutu a allon makaranta,
da su ta yi mini wannan kitson.
Da ba su zo ba, ban san me za a tambaye ta ta nuna ba.
Shekara arba'in ina awon kifi,
ban taɓa ganin sikelin da zai ɗauki 'ya a gefe, ɗa a gefe ba.
Ku da kuka yi karatu, in kuna da shi, ku ajiye abinku.

Wanda ya zo kashe gobara ba a hana shi ruwa,
amma ai sai ya tambayi wane ne mai gida
kafin ya rushe ɗaki a kan mai barci.

Rubuta wannan: ina son sunan sojan.
Kotu ta yi nata, in akwai ta.
Ni dai a kawo shi nan kafin fitowar rana,
in ɗora masa igiyar koma,
ya ja tare da yaranmu har damina ta wuce,
sannan in miƙa masa madubi.

Kashe na'urar. Kifina na ƙonewa.